Jar Darar Konni da Sarkin Barikin Illela

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yabe ni a gaban jama'a ba, yabon da har yau in na tuna shi sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Zagi kam an yi mini shi da yawa a duniya, har na manta fuskokin masu yinsa. Wannan yabon ne ya ƙi sakina.

A lokacin ni ne Sarkin Bariki na Illela. Turawa ba su daɗe da zama ba, iyakar da suka ja tsakaninmu da Konni ma mutane ba su gama yarda da ita ba, tunda gonar mutum tana nan, rijiyarsa tana can. Kada sunan sarautar ya ruɗe ka. Bariki ɗaki ne guda na ƙasa mai jinka, da rumfa, da ɗakin girki, da turken doki, an gina shi a bayan gari don Bature ya sami masauki in ya fito rangadi. Aikina in share, in yaɓe, in kori gara, in cika randa, in tanadi itace da ƙwai da harawa. Talakawana kuwa jemagu ne da ƙadangaru (su ma ba wata biyayya suke yi mini ba). Bature zai zo ya kwana biyu ya wuce, sa'an nan in shafe watanni ina share ɗakin da ba mai shigarsa.

Amma aikin yana da abin da ya ɗaure ni da shi. Gidan da muke ciki ni da matata Ige na bariki ne, 'yar gonar da ke bayansa ta bariki ce, kuma muddin ina kan aiki ba mai kama ni ɗaukar kaya. Ranar da aka sallame ni, ranar za mu naɗe tabarma mu koma raɓe a gidan surukai, inda uwar Ige ta daɗe tana jiran ranar da za ta ce ai dama ta faɗa.

Baturen da ke zagaya ƙasarmu Mai Lofe muke ce masa, don ba a ganin bakinsa ba lofe. Yana da wata ɗabi'a. Duk ma'aikacin da ya tarar sai ya tsare shi da ido, ya tambaye shi da Hausarsa ta littafi, "Kana jin daɗin aikinka?" Dogari ya ce, "I, Zaki." Malamin kasuwa ya ce, "I, Zaki." Ni kuwa da yake Allah ya hore mini baki, sai in faɗi in yi gaisuwa in ce, "Zaki, ko sarautar gari anka ba ni, ba ni barin aikin ga. Cikin bariki za a ɗauki gawata." Ya gyaɗa kai, ya busa hayaƙi, ya ji daɗi. Malam Attahiru, wakilin hakimi, wanda shi ya sa aka ba ni aikin, sai ya dube ni ta wutsiyar ido, don ya san inda nake zuwa da la'asar. Gindin tsamiyar kasuwa nake zuwa in baje, in yi ta tsine wa tsintsiya da wanda ya ƙirƙiro ta, in ce mutum kamata ana ɓarnar basirarsa a korar jemagu.

Wanda ya ƙara hura wutar shi ne Nomau, taubashina, ɗan ƙanwar ubana. Gardi ne a Konni, wato ɗan sandan Faransa. In ya shigo kasuwar Illela da jar dararsa, da ɗamara, da bulala a hannu, takalminsa yana ƙara, sai ka ga mutane suna darewa. Ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Bawana, har yau kana nan kana mulkin jemagu? Mu can ko tari gardi yay yi sai gari ya ce mai sannu."

Ka san sha'anin taubashi. Ya zage ka, ya fizge hularka, ya ce kai bawansa ne tun kaka da kakanni, in ka ɓata rai kai ne abin dariya. Sai in yi yaƙe in rama, amma maganar tana cina. Kuma kada in yi maka ƙarya in ce albashi ne ya ja ni. Hular ce. Wata rana ya ajiye ta zai yi alwala, na ɗauka na ɗora, na leƙa fuskata cikin randa, na ga wani ƙasaitaccen mutum yana kallona. Tun daga ranar tsintsiya ta ƙara nauyi a hannuna. Da na yi masa raɗa cewa ina so, sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce in same shi ranar kasuwar Konni, zai kai ni gaban Kumandan, Baturen Faransa mai mulkin garin, da kansa.

Ranar na fito da rigata ta Salla, na naɗa rawani. Ige tana bakin murhu ta ɗago kai.

"Malam, ina za ka da rigar Salla, ga shi ba Salla anka yi ba?"

"Lafani za ni neman ƙwai. In anka tambaya, haka za ki ce."

"To. Ashe kajin Lafani sun koma duban riga kahin su yi ƙwai."

Na sa kai na fice. Babban mutum ba ya tsayawa jayayya a bakin murhu, musamman wanda zai dawo da jar dara.

A hanya na yi ta gamuwa da mutane suna tahowa wajenmu da ƙullin kaya, da mata da awaki, suna tafiya suna waige. Kowa a ƙasar nan ya san Faransa na kamun mutane aikin tilas, kuma kowa ya san masu gudunsa Illela suke yowa. Ni ma na sani. Amma ranar sai na ce a raina ai waɗannan talakawa ne, ni kuwa ma'aikaci ne zai canja gwamnati. Na yi musu sannu irin ta manya na wuce, ni kaɗai nake nufar inda kowa ke barowa.

Nomau ya tarbe ni da fara'ar da ya kamata ta ba ni tsoro.

"Ka zo kan gaɓa, bawana. Kumandan na neman mutum irinka. Sai dai Faransa ba su ɗaukar gardi sai sun ga ƙarhinai. Tuɓe riga da rawani, in aje maka."

Na tuɓe. Da hannuna na ninke rigar na miƙa masa, har ina ja masa kunne kada ta yi datti. Daga ni sai wando ya ja ni zuwa masaukin baƙi na Faransa, wanda suke kira kampama, inda na tarar da ayarin mutane suna kwaɓa ƙasa, wasu na jinka, wasu na jigilar ruwa. Ya ɗora mini tulu, ya ce in nuna kaina. Na kuwa nuna. Ina zuwa rijiya da gudu ina dawowa da gudu, ina wuce kowa, ina yi musu kallon ragwaye.

Wani tsoho mai kwaɓa ƙasa ya tsayar da ni ya ce, "Ɗana, daga wane ƙauye anka kamo ka?"

"Ba kamo ni anka yi ba, Baba. Da ƙahwata na zo, daga Illela. Gardi za a yi ni."

Tsohon ya jingina da fartanyarsa ya daɗe yana kallona. Sa'an nan ya kira na kusa da shi ya ce, "Ku zo ku ga wanda ya baro Ingilishi ya kawo kainai." Suka taru. Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ɗaya ma ɓarin goro ya ciro ya ba ni, irin yadda ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa.

Kafin rana ta faɗi na gane inda nake. Aikin tilas ne, na kawo kaina cikinsa da rigar Salla. Kuma wane aiki? Shara, yaɓe, korar gara, cika randa. Na tsallake iyaka guda don in guje wa tsintsiya, ga ni riƙe da tsintsiyar Faransa, wadda ko rabin kyan tawa ba ta kai ba. Gudu ba dama, gardawa na tsaron hanya, kuma ko na kuɓuce, da wace fuska Sarkin Bariki zai shiga Illela ba riga? Nomau yakan gitta yana kaɗa bulala ya ce, "Ƙara himma, bawana, Kumandan na kallonka ta taga." Na duba ko'ina, ba taga ba Kumandan. Fushi kuma ba hali, taubashi ne.

Aka kwana, aka tashi, aka sake kwana. Sai aka ce mu gaggauta, babban baƙon da ake gyaran kampama dominsa yau zai iso. Da hantsi masu ɗaukar kayansa suka fara shigowa. Ina tahowa daga rijiya sai idona ya faɗa kan wani bahon wanka na ƙarfe a kan wani ƙato, gefensa a lotse. Na san lotsawar nan. Ni na yi ta, ranar da bahon ya kuɓuce mini a bakin barikina. Na dubi masu kayan, duk mutanen Illela ne da Amarawa, rabinsu abokan zamana ne a gindin tsamiya.

Mai Lofe ne baƙon. Ke nan ya biyo ta Illela, ya sauka a barikina, mai cewa a nan za a ɗauki gawarsa kuwa ba shi ba dalilinsa. Na ga gidan ya tafi, gonar ta tafi, na ga uwar Ige tana shimfiɗa mana tabarma a zaure tana murmushi.

Nan take na yi dabara. Na dumbuji laka na shafe fuskata, na ari malfar tsohon nan na jawo ta har hanci, na koma can ƙarshen layi da tuluna. Shirina shi ne in yi shiru har baƙi su shiga hidimarsu, in sulale ta cikin gonaki, in nemi ƙwai ko na aro ne, in riga su isa Illela in ce ciwon ciki ya kwantar da ni a Lafani. Dabara ce mai kyau. Da ta yi aiki, da a ce ni wani mutum ne daban.

Kukun Bature yana baya tare da dawaki, don haka su Nomau ne suka shiga jera kaya da kansu, ni kuma ina kallo daga ƙarƙashin malfa. Suka ɗauki randar ruwan sha suka girke ta a tsakiyar rana. Na cije leɓe. Suka kafa turken doki daidai ƙofar ɗaki, inda iska za ta kwaso ƙuda da wari ta kai wa mai barci. Na runtse ido na ce ina ruwana, ba barikina ba ne. Ana cikin haka manya suka iso, Kumandan ya tarbi Mai Lofe, Malam Attahiru yana biye da su, suka zauna a rumfa ana gaisawa ta bakin tafinta. Na ƙara jan malfa.

Sai na hango ta ƙofa wani gardi ya buɗe gadon tafiya na Mai Lofe, ya tura shi ya manna da bango, daidai ƙarƙashin wata tsaga da na ga kunama ta shige da safen nan. Takalman Bature kuma ya watsar a ƙasa, bakinsu a buɗe.

Wallahi ban san lokacin da na dire tulu ba. Na dai ji wata murya tana tashi, muryar da duk Illela ta sani, ashe tawa ce.

"Kai, wane irin aikin banza na wanga? Janye gadon ga daga bango! Ina kasake? A sa ƙahwahun gado cikin toka. Takalmi rataye shi a kai, ba a barinai ƙasa. Randar ga kuma wa ya aje ta ga rana, dahuwa za a yi da ita?"

Na ture gardin, na ja gado tsakiyar ɗaki, na ce wa Nomau ya miƙo toka (ya kuwa miƙo, da saurinsa). Na rataye takalma, na toshe tsagar da laka, na fito na rungumi randa na kai ta inuwa ta gefen da iska ke bugowa, na tara mata jiƙaƙƙen yashi a gindi. Sai da na koma baya na kare wa aikin kallo, na ji sanyi a raina kamar yadda nakan ji a gida, sa'an nan na lura wurin ya yi tsit. Malfa kuwa tun a ƙofar ɗaki ta faɗi.

Na juyo. Kowa ni yake kallo. Mai Lofe ya cire lofe daga bakinsa, abin da ban taɓa gani ba.

"Sarkin Bariki?"

Malam Attahiru ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Ashe ƙwan Lafani nisa gare shi."

"Me kake yi a ƙasar Faransa," in ji Mai Lofe, "babu riga?"

Na durƙusa, laka na tsattsagewa a fuskata, ina jiran kalmar sallama. Sai Malam Attahiru ya gyara murya. (Daga baya na gane ba don Allah kaɗai ya yi ba. Shi ya kawo ni aikin, shi kuma ya tsaya wa labarin ƙwan da Ige ta bayar a gaban Bature, in na nutse da shi zan nutse.)

"Zaki, ai ka san shi da son aiki. Da yaj ji za ka kwana Konni, bai yarda wani ya gyara maka makwanci ba, shi ya sa ya rigayo ka. Rigar ma tuɓe ta yay yi kada ta hana shi aiki."

Fuskar Mai Lofe ta washe. Ya juya wajen Kumandan yana nuna ni da lofe, yana zuba bayani, kai ka ce doki ya saya da araha. Aka ce in tashi in tsaya a tsakiyar fili. Na tsaya, daga ni sai wando, laka har kunne. A dama ga 'yan aikin tilas da na gaya wa da bakina cewa gardi na zo zama. A hagu ga mutanen Illela da suka sha jin ina tsine wa tsintsiya. A gaba ga Nomau, ya ƙame kamar soja, kafaɗunsa kaɗai ke rawa.

Mai Lofe ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Sarkin Bariki, kana jin daɗin aikinka?"

"I, Zaki," na ce, da 'yar muryar da ban san ina da ita ba.

"A'a. Faɗi kamar yadda ka saba faɗi, Kumandan ya ji."

Haka na buɗe baki, a ƙasar Faransa, a gaban shaidun da suka san komai, na ce ko sarautar gari aka ba ni ba zan bar aikin nan ba, cikin bariki za a ɗauki gawata. Tafinta yana juyawa gaɓa gaɓa, yana ƙara gishiri. Tsohon nan mai malfa tari ya sarƙe shi, sai da aka bubbuga masa baya. Kumandan ya taso ya dafa kafaɗata ya yi wata magana, tafinta ya ce, "Ya ce bai da ko mutum guda irinka. Ya ce in kana so, yau ɗin ga a ba ka jar dara ka zama gardi."

Ka ji fa. Abin da ya fito da ni daga gida, ga shi an miƙo mini a bainar jama'a. Mai Lofe ya yi dariya ya ce, "Wannan ko sarauta ba ya so." Duk ido ya dawo kaina. Na dubi hular da ke kan Nomau, na dubi randar da na gyara tana ta gumi a inuwa, sai na ji hankalina ya tafi ga tawa randar, ko wa ya cika ta, ko an rufe bakinta. Na ce a gode wa Kumandan, ina da aiki. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, a karo na farko da gaske nake.

Ladan himmata bai tsaya nan ba. Mai Lofe ya ba da umarni cewa daga ranar duk inda zai sauka a ƙasarmu a tura ni gaba in gyara, tunda abin da nake so ke nan. Na taka ƙasar nan da ƙafa har tafin ƙafata ya zama kamar ƙirgi, ba damar ƙorafi, don ni ne abin misali. In sabon dogari ya yi lalaci sai a ce ya je ya ga Sarkin Bariki.

Labari kuwa ya riga ni isa gida. Na shiga Illela da aron bargon doki a kafaɗa, tun daga bakin kasuwa ake ƙamewa ana sara mini ana cewa, "Sannu da zuwa, Gardi." Sunan ya bi ni har yau, jikokina ma sun ɗauka sarauta ce. Ige na same ta a ƙofar gida. Ita ce ta tara maƙwabta suka share bariki, suka cika randa, suka sauki Bature lafiya ba ni. Ta dube ni daga laka har bargo ta ce, "Sannu da hanya, Malam. Ina ƙwan?" Na wuce ciki. Na lura randar bariki ba a inda nake ajiye ta take ba, amma ranar na iya bakina, sai da ta tafi rijiya na gyara.

Nomau ya dawo mini da rigata bayan ya ci bikin suna da ita, da jirwayen goro a gaba. Ya ce Kumandan ne ya ce a nemo wanda ya san halin Ingilishi, shi kuma ya ce yana da bawa a Illela, kyauta ma zai zo. Na kai masa duka da tsintsiya, ya goce yana dariya, muka zauna muka ci tuwo.

Abin da na koya, in ka ji ma'aikaci yana rantsuwa da son aikinsa a gaban ubangida, kada ka yarda. In ka ji yana zagin aikin a gindin tsamiya, nan ma kada ka yarda, bakin duk ɗaya ne. Kai shi inda wani ke yin aikin nan ba daidai ba, ka tsaya ka ga ko zai iya yin shiru. Ni ban iya ba, kuma da na iya da yanzu wani labarin nake ba ka daga zauren uwar Ige. Sai kuma na biyu, wanda ya fi na farko amfani: in taubashinka ya ce zai kai ka gaba, je ka, amma kada ka ba shi ajiyar riga.